Filin Wasanni: Sabon Shiga a Wasan Ƙwallon Ƙarfe

Kaka ta wuce. Hatsi ya shiga rumbu, wake ya shiga buhu. An saki gonaki, bisashe sun gangaro suna cin kara. Yanzu ne manomi da makiyayi suke samun sarari da marece. Wanda bai tafi cin rani ba yana neman abin da zai raba shi da zaman banza.

Kowa ya san kokawa da langa da dara. A wannan wata filin nan ya ɗauko wani wasa dabam, wato wasan ƙwallon ƙarfe. Da Faransanci ana ce masa petank, ƙwallon kuma ana ce masa bul. Ana yinsa a Yamai da Maraɗi da sauran garuruwan Nijar. Bayanin nan na sabon shiga ne, wanda yake son shiga ƙungiyar masu wasan amma bai san ta inda zai fara ba.

SAURAYIN DA YA IYA JIFA

Ga labari don misali. Wani saurayi makiyayi ya sauko Dakoro daga wajen kwarin Tarka. A daji an san shi da iya jifa. In saniya ta nufi gonar mutane, da hoge ɗaya yake juyo ta. Wata rana bayan la'asar ya tarar da mutane suna jefa ƙwallayen ƙarfe a wani fako. Ya tsaya yana kallo. Can sai ya ce: "Ashe wannan ma wasa ne? Ai jifa ne kawai."

Aka ce masa bismilla. Aka ara masa ƙwallo biyu. Ya ɗaga hannu ya wurga da ƙarfinsa duka. Na fari ya zarce ya faɗa cikin ƙaya. Na biyu ya bugi ƙwallon abokinsa ya kore shi. Haka aka yi ta yi har aka tashi. Abokan karawa suna da maki 13, su kuwa ba su da ko ɗaya.

Saurayi ya ji kunya. Ya ce ƙwallayen aro ne suka cuce shi. Ya ce ranar kasuwa zai sayar da akuyarsa, ya aika Maraɗi a sayo masa nasa. Wani dattijo cikin ƴan ƙungiya ya ja shi gefe ya ce: "Ɗana, bar akuyarka ta haihu. Ƙwallo ba shi da laifi. Gobe ka zo da wuri ka koyi wasa tukuna."

Kuskuren saurayin nan shi ne kuskuren yawancin sababbin shiga. Suna tsammani wasan ƙarfi ne. Alhali asalinsa ma ya nuna ba haka ba ne.

ASALIN WASAN

An fara shi a kudancin Faransa, a garin La Siyota, kusa da birnin Marsay, wajen shekara ta 1907. Kafin nan mutanen wurin suna da wani wasan ƙwallo da ake yi da ɗan gudu. Mutum yakan yi taku 3 sannan ya jefa. Akwai wani gwani sunansa Jul Lanuwar. Ciwon sanyin ƙashi ya kama shi har ya kasa gudu. Abokansa ba su so ya bar wasa ba. Sai suka rage tsawon fili, suka ce kowa ya tsaya wuri ɗaya ya jefa. Ma'anar petank a harshen mutanen wurin ita ce ƙafafu a kafe. An yi gasa ta fari a 1910.

Ke nan saboda marar lafiya aka shirya wasan. Don haka tsoho yana yinsa, yaro yana yinsa, mata ma suna yi.

A 1958 aka kafa hukumar wasan ta duniya a Marsay. A 1959 aka yi gasar duniya ta fari a ƙasar Beljiyam. Ƴan Afirka ma sun nuna gwaninta. Madagaskar ta ci gasar duniya a 1999 da 2016. Maroko da Tunisiya su ma sun taɓa ci. An yi gasar duniya a Dakar a 2008, an kuma yi ta a Kwatano, ƙasar Benin, a 2023.

Turawan Ingila suna da irin nasu wasan, ɗan'uwan wannan. Su a kan ciyawa suke gangara ƙwallo. Ƙwallonsu ya fi girma, ba na ƙarfe ba ne, kuma an yi shi yadda zai riƙa karkata yana tafiya. Filinsu kuwa kullum sai an ba shi ruwa, an aske ciyawa ta yi daidai kamar tabarma. A Dakoro ruwan sama na wata 3 ne ko 4. Ciyawa irin wannan rabon shanu ce. Petank kuwa ba ruwansa da ciyawa. Ƙasa kawai yake so, ita kuwa akwai ta.

KAYAN WASA

1. Bul. Ƙarfe ne, cikinsa fanko. Girmansa kamar babbar goruba, faɗinsa tsakanin santimita 7 da 8. Nauyinsa daga giram 650 zuwa 800, wato bai kai kilo ɗaya ba. A jikin bul na gasa an buga sunan masu ƙera shi da lambar nauyinsa. Wanda ya yi karatu zai iya karantawa, misali 700 ko 720. An hana cusa masa dalma ko rairayi.

2. Ɗan ƙwallo. Na itace ne, faɗinsa santimita 3. Da Faransanci yana da sunaye da yawa, ɗaya daga ciki shi ne bushon. Shi ne abin nema.

3. Da'ira. Zane ne a ƙasa mai kama da faifai. Faɗinta daga santimita 35 zuwa 50, kusan kamu ɗaya. A cikinta mai jifa yake tsayawa.

4. Ma'auni. Mita irin ta tela ko ta magina ta isa.

5. Tsumma na goge ƙura.

6. Fili. Na babbar gasa mita 15 ne a tsawo, mita 4 a faɗi. Na wasan unguwa kuwa kowane fili ya yi, in dai ba a kan hanyar mutane da bisashe yake ba.

YADDA AKE WASA

Ɓangare biyu ne suke karawa. In mutum uku da uku ne, kowa bul 2. In biyu da biyu ne, kowa bul 3. In ɗaya da ɗaya ne, kowa bul 3.

Ana jefa dala sama don a san ɓangaren da zai fara. Mutum ɗaya daga cikinsu ya zana da'ira, ya shiga, ya jefa ɗan ƙwallo. Dole ya tsaya tsakanin mita 6 da mita 10 daga da'ira. In bai kai ba ko ya zarce, abokan karawa ne za su ɗauka su ajiye shi da hannu inda doka ta yarda.

Daga nan ɓangaren farko ya jefa bul ɗaya, ya nemi kusa da ɗan ƙwallo. Sai ɗaya ɓangaren ya jefa nasa. Yanzu sai a duba. Ɓangaren da bul ɗinsa ya fi kusa ya huta. Ɓangaren da ya fi nisa shi zai yi ta jifa har ya ƙwace kusanci, ko kuwa ƙwallayensa su ƙare. In nasa sun ƙare, ɗaya ɓangaren ya jefa sauran nasa. In kowa ya gama, an yi zubi ɗaya ke nan.

Ga dokar da sabon shiga ya fi mantawa. Ƙafafu biyu suna cikin da'ira, ba sa taka zane. Ba a ɗaga ƙafa daga ƙasa, ba a fita, sai bul ya sauka. Kuma a gasa minti ɗaya ake ba mutum ya yi jifarsa.

ƘIDAYAR MAKI

A kowane zubi ɓangare ɗaya ne yake samun maki, wato mai bul ɗin da ya fi kowane kusa. Ana duba bul ɗin abokan karawa wanda ya fi kusa. Duk bul ɗin masu nasara da ya fi wannan kusa, maki ɗaya ne.

Misali: ɓangaren gabas yana da bul a santimita 12, wani a 30, wani a 41. Na ɓangaren yamma mafi kusa yana santimita 35. To 12 da 30 sun fi 35 kusa, amma 41 bai fi ba. Gabas ya samu maki 2.

Wanda ya ci zubi shi yake zana sabuwar da'ira a inda ɗan ƙwallo ya tsaya, ya sake jefawa. Ɓangaren da ya riga kai maki 13 shi ya ci wasa.

AJIYA KAFIN HARBI

Jifa iri biyu ce. Akwai ajiya, wato a kai bul kusa da ɗan ƙwallo ya zauna. Akwai harbi, wato a bugi bul ɗin abokin karawa a kore shi. In uku da uku ne, akan samu mai ajiya, da maharbi, da na tsakiya mai taɓa duka biyu.

Harbi shi ne mai daɗin kallo. Wani gwani yakan bugi bul, nasa ya zauna daidai wurin da wancan ya tashi. Da Faransanci sunan wannan bugu karo, kamar dai kalmar Hausa. Kowane saurayi wannan yake so ya yi. Amma wanda ya yi harbi ya kuskure ya zubar da bul ɗaya a banza. Wanda ya yi ajiya kuwa, ko bai kai kusa sosai ba, bul ɗinsa yana nan yana tare hanya. Da rarrafe yaro kan tashi. Sabon shiga ya fara da ajiya.

Ga yadda dattijo ya nuna wa saurayi:

1. Riƙo. Bul yana kwance cikin yatsu huɗu a haɗe. Bayan hannu yana kallon sama, tafi yana kallon ƙasa. Ba a matse shi da babban yatsa. Da wannan riƙo bul yakan fita yana juyawa baya, sai ya rage gudu in ya sauka.

2. Tsayuwa. In ɗan ƙwallo yana kusa, mutum ya tsuguna. In yana nesa, ya tsaya a miƙe. Ɗaya hannun ya ɗan buɗe don kar jiki ya karkata.

3. Lilo. Hannu ya tafi baya a miƙe, ya dawo gaba a miƙe, kusa da jiki. Ba a wurgi daga kafaɗa kamar mai jifan kare.

4. Masauki. Kafin jifa mutum ya zaɓi wurin da yake son bul ya fara sauka. Nan zai kafa ido. Daga masauki bul zai gangara da kansa.

5. Gaba ya fi baya. Bul ɗin da ya tsaya gaban ɗan ƙwallo yana damun abokan karawa, kuma in an buge shi yakan ƙara matsawa kusa. Wanda ya zarce baya amfaninsa kaɗan ne.

Saurayi ya ce: "Baba, yaushe zan fara harbi?" Dattijo ya zana wani faifai a ƙasa, nisan mita 6. Ya ce: "Ranar da ka jefa 10, guda 7 suka kwana cikin nan, ka zo ka sake tambayata."

SANIN ƘASA

A nan manomi ya riga kowa. Ya san jigawa, ya san geza, ya san fadama. Bul ma ya san su.

A ƙasa mai tauri bul yana gudu. Sai a sauke shi kusa da da'ira, a bar shi ya gangara a hankali. A rairayi mai zurfi, irin wanda ya yi yawa a ƙasar Dakoro, bul ba ya gudu. Inda ya faɗi nan yake nutsewa. Sai a ɗaga shi sama ya faɗo kusa da ɗan ƙwallo. In ƙasa tsaka-tsaki ce, a sauke shi a rabin hanya. In fili yana da gangare, a jefa ta wajen tudu, bul zai karkato da kansa.

In an fara wasa ba a share fili, ba a cire tsakuwa, ba a daddale ƙasa da ƙafa. Rami ɗaya kawai aka yarda mai jifa ya cike, wanda wani bul ya yi. An kuma hana jiƙa bul da ruwa ko da miyau.

AWO KE RABA GARDAMA

Ido yana ruɗi. Bul biyu sukan yi kamar daidai suke, kowane ɓangare ya ce nasa ne. A nan ne zumunci yake ɓaci in ba a bi doka ba.

Doka ta ce ɓangaren da ya yi jifar ƙarshe shi zai fara aunawa. Abokan karawa suna da ikon sake aunawa. Ana aunawa daga jikin bul zuwa jikin ɗan ƙwallo. Wanda ya motsa bul ko ɗan ƙwallo wajen awo, ɓangarensa ya rasa wannan kusancin. A gasa an hana awo da ƙafa, kuma maganar alƙalin wasa ita ce ta ƙarshe. A wasan unguwa, in babu mita, a karya tsinke daidai tazarar bul ɗaya, a gwada shi a ɗayan. Kada kowa ya ɗauki bul sai ɓangarorin biyu sun yarda da ƙidaya. Wanda ya ɗauki nasa da wuri, an kashe wannan bul ɗin.

Wata rana gardama ta tashi a filin nan na Dakoro. Mutum biyu, maƙwabtan gona, kowa ya rantse nasa ya fi kusa. Murya ta fara hawa. Aka kawo mita, amma mai karanta ta bai zo ba. Ashe saurayin nan yana zuwa karatun manya. Ya durƙusa ya auna. Ya ce: "Wannan 23, wancan 25." Wanda aka kayar ya sa aka nuna masa lambobin da yatsa. Ya duba ya ce: "To, na yarda." Aka yi dariya aka ci gaba da wasa. Tun daga ranar mita take kwana a aljihun saurayi.

LADABIN FILI

1. Sabon shiga ya yi sallama, ya gai da manya, ya nemi izini kafin ya taɓa bul ɗin wani.

2. In mutum ya shiga da'ira, kowa ya yi shiru. Ba motsi, ba tsokana.

3. Abokan karawa su tsaya gefe, bayan mai jifa ko bayan ɗan ƙwallo, nisan mita 2 ko fiye.

4. A kori yara ƙanana da awaki daga gaban mai jifa. Ƙarfe mai giram 700 yana fasa kai, yana karya yatsa.

5. A sa takalmi rufaffe. A gasa dole ne.

6. Kada a bar bul cikin rana, musamman da bazara, don yana ƙona hannu. In an gama a goge shi. In za a ajiye shi da daɗewa a shafa masa ɗan mai saboda tsatsa.

7. In an kira sallar magariba a tashi. Maki ba sa gudu, gobe ma rana ce.

HAƘƘIN ƘUNGIYA

Ba dole ba ne sabon shiga ya sayi bul. Amfanin ƙungiya ke nan. Mutum shida bul 12 suke bukata. In ƴan ƙungiya suna zuba kaɗan-kaɗan kamar adashi, za su sayi na kowa da kowa. A zaɓi shugaba da ma'aji da magatakarda. Duk abin da ya shiga ko ya fita a rubuta shi cikin littafi, a karanta wa jama'a ƙarshen wata. Wanda yake son shiga gasar hukuma sai ya nemi lasisi ta hannun ƙungiyarsa.

Ƙauyen da ba shi da bul ko ɗaya yana iya farawa da busasshiyar goruba. Ƙwallon cikinta ya zama ɗan ƙwallo. Goruba ba ta da nauyin ƙarfe, amma ta isa a koyi doka da ƙidaya da tsayuwa cikin da'ira.

Abu ɗaya ne yake kashe ƙungiya da sauri, shi ne caca. Yau a sa goro, gobe a sa jikka, jibi a taɓa rumbu. In kuɗi ya shiga fili, awo ba ya ƙara raba gardama. Wanda aka ci yakan tafi gida da fushi, iyali su sha wahala. Ƙungiyar kirki tun ranar fari take rubuta dokar hana caca. Sabon shiga da ya tarar ana sa kuɗi, ya nemi wani fili.

YADDA LABARI YA ƘARE

Saurayi ya yi wata biyu yana ajiya. Da fari 2 ne suke kwana cikin faifan dattijo, daga baya 4, daga baya 6. Har yanzu bai kai 7 ba, kuma bai fara harbi ba. Amma in za a raba ɓangare, kowa shi yake so, don maharbi ba ya cin wasa in ba shi da mai ajiya. Akuya kuwa tana nan, ta haihu.

Da gajimare ya fara haɗuwa a gabas, ya zo sallama zai koma arewa da bisashe. Ya miƙa wa magatakarda mita. Dattijo ya ce: "Allah ya kiyaye hanya, ɗana. Faifanka yana nan yana jiranka." Saurayi ya ce: "Amin, Baba. Na cika jaka da goruba. A ruga ma akwai ƙasa."

LISSAFIN WATA

Ɓangaren gabas yana da maki 9. Aka yi zubi. Ƙwallayensa mafi kusa suna santimita 8, da 15, da 27, da 60. Na yamma mafi kusa yana santimita 31. Maki nawa gabas ya samu a wannan zubi? Nawa ke nan duka? An tashi wasa ko da saura?

Masu karatu su yi lissafi tare a wurin karatun manya. Amsa tana fitowa a wata mai zuwa, in Allah ya kai rai, tare da bayanin yadda ake koyon harbi.